Inna Sa'a da Mai Jirgi

Mahaifiyata sunanta Sa'adiya, amma in ka shiga kasuwar Kabo kana cigiyar Sa'adiya sai a yi ta tambayarka wacce daga ciki. Ka ce Inna Sa'a mai nono, yanzu a nuna maka gindin darbejiyar da take zama. Ni ce autarta, Mansura, wadda Inna take cewa bakina ya riga hankalina girma. Ban taɓa musa mata ba. Koyarwa nake yi a wata firamare a Gwarzo, da bakin nan nake cin abinci.

Gidanmu yana Rugar Sajo, sunan mahaifinmu ke nan, Allah ya jiƙansa. Sunan ruga ne kawai ya rage mana. An daɗe da yin ginin ƙasa da rufin kwano, ana noman dawa da gyaɗa, shanun ma ba su kai rabin na da ba. Tsakaninmu da hanyar Kabo akwai ruwan dam. Da rani in ya ja baya, mai babur yana iya zagayawa ta bayan gonaki. Da damina kuwa, ko ka shiga kwale-kwale ko ka haƙura ka zauna a gida.

Inna a kan hanya aka haife ta, iyayenta na tafe da shanu daga wajen Katsina. Ta girma ba ta san ruwan da ya wuce gwiwa ba, shi ya sa har ta tsufa ba ta daina tsoron dam ɗin nan ba. Amma tsoron bai taɓa hana ta kasuwa ba. Takan tashi tun da sassafe ta kaɗa nono, ta cire mai, ta jera ƙorai, ta rufe da faifai, ta ɗora gammo. Nononta ba ta sirka shi da ruwa, kuma duk wanda ya ce mata ya yi tsami sai ya ji abin da bai zo saye ba. Ba ta da yawan dariya, amma in ta yi maka ba'a sai ka je gida sannan ka gane da kai take. Mu shida ta haifa. Biyar daga ciki mun sha goyo, mun sha faɗa, mun sha rankwashi, mun kwana a cinyarta.

Na shidan shi ne na farko, Yaya Jibirin.

Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ce a ƙasarmu, kowa ya san uwa ba ta kiran sunan wanda ta fara haifa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Sai dai Inna ta ɗauki abin yadda uwarta ta miƙa mata, ba ta rage ko ƙwaya ba. An ce ko da yake jariri sai ta juya fuska ga bango take ba shi mama. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarmu Umma, a tsallaken ruwa, unguwar masunta, can ya tashi. Kakar yake kira Inna, mahaifiyarsa kuwa Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. In ya shigo gida gaisuwa, ya durƙusa daga bakin zaure, ita kuma ta sunkuyar da kai tana amsa wa ƙasa. Ba ta cewa Jibirin, ba ta cewa ɗana. "Yaron gidan Umma" take cewa, har ya yi aure ya tara iyali.

Da ya girma sai ya bar sanda ya ɗauki filafili. Baba ya yi faɗa, ya ce ina aka taɓa ganin jikan makiyaya yana tuƙa jirgi kamar ɗan sarkin ruwa. Yaya dai bai fasa ba. Shi ne ya zama mai fiton mashiginmu, daga nan Inna ta samu sabon sunan kiransa, wato mai jirgi. Ni dai na daɗe ina zargin ba son ruwa ne ya kai shi ba. Ya san wadda take tsallaka ruwan nan duk ranar kasuwa, gabanta na faɗuwa.

Sai ka ga yadda suke yi a jirgin nan ka rasa dariya za ka yi ko haushi za ka ji. Ita tana zama a tsakiya, ta ba shi baya. Shi yana can ƙarshe yana tuƙi. Wurin zamanta kullum da busasshen buhu a shimfiɗe, ba wanda ya taɓa ganin lokacin da ake shimfiɗa shi. In tana ciki ba ya cika jirgi, ko da mutane za su yi ta zaginsa a bakin gaɓa. In magana ta kama, sai ta bi ta bakin ƙawarta Zulaiha, wadda suke tallan nono tare tun suna amare.

"Zulaiha, a ce wa mai jirgi iska na tasowa ta gabas."

"A ce wa Adda an gani," in ji shi, alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba.

Zulaiha takan ce, "Ni kam na gaji da aikin nan, ko ɗan aike ana ba shi tukwici." In an sauka kuma, sai a tarar Inna ta manta ƙaramar ƙwarya ta kindirmo a ƙarƙashin wurin zamanta. Shekara da shekaru tana wannan mantuwa, ba ta taɓa aikowa a karɓo mata ba.

Bara da bazara ta fara karo da abubuwa. Ta yi tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta shekara hamsin tana sharewa. Ta miƙa hannu ɗaukar ludayi ta kama iska. Ta yi ta ɓoyewa, tana cewa jikoki ne ke sauya wa kaya wuri, har ranar da ta zuba nono a gefen ƙwarya ina kallo. Na ja ta zuwa asibitin ido a Kano, tana tafe tana mita. Likitan ya duba ya daɗe, sannan ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ya rage ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, shi ma yana ƙara tsukewa. Maganin ɗigawa zai ja lokaci ne kawai. Da Inna ta fita, ya ce min a hankali, "Malama, in akwai abin da take son gani, kada a ce sai gobe."

Ban faɗa mata ba, amma ashe ba ta buƙatar a faɗa mata. Muna dawowa ta fara wani yawo da ba ta saba ba. Ta sa aka kai ta Lakwaya wajen ƙanwarta, ta kwana biyu. Ta bi gidajen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kama fuskar kowane jika da hannu biyu, ta matso da ita daf da idonta na dama, tana cewa wai ƙazanta take dubawa. Ta shiga garke da yamma ta tsaya gaban kowace saniya. Ni ma ta kama haɓata ta kalle ni har na tsargu, sannan ta ce, "Ashe dai ba ki da muni, bakin ne ya ɓata ki."

Kowa ta kalla, ban da mutum ɗaya. 'Ya'yansa ma ta kalle su, shi ne dai ba ta kalla ba. Abin ya tsaya min a rai har ya hana ni sakat. Matar nan za ta rasa idonta ba ta taɓa ɗaga kai ta ƙare wa fuskar ɗanta kallo ba tun yana zanen goyo, kuma in ya tafi ya tafi ke nan.

Wata rana tana tsintar wake da lalube na ce, "Inna, saura mutum ɗaya."

"Saura wa?"

"Kin sani."

Ta ajiye faifan. "Ke Auta, boko ne ya cire miki kunya ko da can ba ki da ita? In tsaya in zuba wa mutum ido kamar wata marar mafaɗi? Uwata ta mutu ba ta kalli yayanmu ba, me ya rage ta da shi?"

"Ke kika san abin da ya rage ta da shi a zuciyarta?"

Ta ce in tashi in ba ta wuri. Na tashi na bar ta da wakenta.

Na je wajen Yaya a bakin ruwa, yana toshe wata kafa a jikin jirgi da tsumma da kwalta. Na ce ya zo gida ya zauna a gabanta, ko da sunan wata magana ce. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Mansura ke nan. In je in tsaya mata a gaba in ce Adda ga ni, kalle ni? So kike in kunyata ta da tsufanta?"

"To haka za ku ƙare?"

"Haka muka fara ai," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Na dawo ina huci. Na ce a raina su biyun duk taurin kansu ɗaya, su ƙarata. Na bar maganar, ba don na daina jin ciwonta ba, sai don na rasa ta inda zan ɓullo.

Damina ta yi nisa, muka samu hutun makaranta, na koma gida. Inna ta ce za ta je kasuwar Kabo, ta yi sallama da masu sayen nononta, don ta san ba za ta ƙara iya zuwa ba. Na raka ta, ni ke ɗauke da ƙwarya, ita tana riƙe da gefen mayafina. Ranar tun safe gari ya yi lumshi. Ba rana, ba ruwa, sama ta yi toka-toka kamar an kifa babbar tukunya. Ga mai ciwon ido irin nata wannan rahama ce, don ƙyallin rana a kan ruwa shi ke sa ta rufe fuska da mayafi tun daga shiga jirgi har sauka. Ranar kam ta bar fuskarta a buɗe.

A dawowa ne na ciro wayata. Ba da wata niyya ba, wallahi. Sabuwa ce, kuma ina cikin ɗokin da ke sa mutum ya ɗauki hoton ko da kaza ce. Kaya sun cika gaban jirgi, sai na zauna a kan wani buhun masara ina fuskantar baya, kowa yana gabana. Ruwan ya kwanta luf, launinsa ɗaya da sama, har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Na ɗauki wani zalɓe da ke tsaye a kan kututture. Na ɗauki gonakin dawa a gaɓa, korensu ya yi duhu. Na ɗauki wani masunci yana jan koma, da akuyar wani mutum da aka ɗaure tana ta ɓaɓatu, da ƙafafuna a cikin ruwan da ya taru a gindin jirgi.

"Malama," in ji Yaya daga can baya, "in ta faɗa ruwa ba ni nutso, ki sani."

Zulaiha ta gyara ɗaurin kallabi ta ce in ɗauke ta da kyau, ko Allah zai sa wani Alhaji ya gani ya taya. Jirgi ya ɗauki dariya. Inna ta ce, "Ni kada ki ɗauke ni, ban ci bashin kowa ba da za a yi yawo da fuskata." Na ce to, na ci gaba da dannawa ta gefenta, ina ɗaukar ruwa da gajimare. A tsakiyar dam wata 'yar iska ta taso, jirgi ya ɗan yi tangaɗi, Inna ta damƙi katako tana salati, sannan komai ya lafa. Muka sauka lafiya. Na mayar da waya jaka, ban ko duba abin da na ɗauka ba.

Bayan la'asar aka fara yayyafi. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina jin ƙamshin ƙasa, ita tana kan tabarma da carbi. Can ta ce, "Wai me kika yi ta ɗauka ɗazu kamar 'yar jarida?"

"Ruwa ne kawai, Inna, da tsuntsaye."

"Kawo in ga ruwan. Kullum a kansa nake, ban taɓa samun natsuwar kallonsa ba."

Na matsa kusa da ita, na ƙara wa wayar haske, na riƙe mata daf da idon dama. Ta ga zalɓe ta ce wuce. Ta ga akuya ta ce mai ita bai iya ɗauri ba, wuce. Ta ga Zulaiha ta yi tsaki ta ce tsohuwar banza, wuce. Na ja hoto na gaba, sai ta kama hannuna.

Ni kaina sai lokacin na gan shi. Gajimare na so ɗauka, amma hannuna ya karkace. Gefen kafaɗar Inna ya fito a ƙasa, sama da ita kuma ga Yaya Jibirin a tsaye, filafili a hannunsa. Da a ce rana ake yi, da inuwar malfarsa ta rufe masa fuska kamar kullum. Amma ya ture malfar baya tunda ba rana, hasken lumshin nan kuma ya sauka a kansa daidai, ba ƙyalli ba inuwa. Komai na fuskarsa ya fito.

"Tsaya," in ji Inna. Ta yi gyaran murya. "Jirgin nan nake son in duba. Kamar katakon bayansa ya tsufa."

Bakina ya yi ƙaiƙayi, amma ranar Allah ya taimake ni na riƙe shi. Na ce, "Bari in matso miki da katakon." Na sa yatsu biyu na buɗa hoton har fuskarsa ta cika gilashin.

Ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kai ta kusa har numfashinta na dusasa gilashin. Da yake kafar ganin nata ƙarama ce, ba ta iya ganin fuskar gaba ɗaya, sai ta riƙa motsa wayar a hankali, daga goshi zuwa ido, daga ido zuwa hanci, zuwa gemu, ta sake komawa sama. Ruwa na sauka a kan kwano. Ban taɓa ganin mutum yana kallon abu da yunwa irin haka ba, tausayinta ya kama ni.

"Furfura ce wannan?" ta tambaya.

"Ita ce, Inna."

"Tun yaushe?"

"Ta daɗe."

Ta ƙara matso da wayar. Can ta ce, "Mutane sun sha faɗa min da babana yake kama. Na ɗauka daɗin baki ne." Ta sa ɗan yatsa kusa da girarsa ba ta taɓa ba. "Wannan tabon fa? Wa ya ji masa ciwo?"

Na ce ban sani ba, tun tasowata da shi na gan shi.

"Ba wanda ya faɗa min," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Yaro ya fasa goshi, ba wanda ya faɗa min."

Ta ci gaba da kallo. Sai ta ce, "Me yake kallo haka? Mai tuƙi ba gabansa yake dubawa ba?"

Na karɓa na rage hoton don in gani. Idonsa ba a kan ruwa yake ba, ba kuma a kaina ba. Na ja na gaba, wanda na ɗauka lokacin da jirgi ya yi tangaɗi. Ga shi ya saki filafili da hannu ɗaya, ya miƙo hannun wajen bayanta, bai kai ga taɓa ta ba. Na ja wani, na ja wani. Duk inda ya faɗo a hoto, ko a gefe ne, ko rabin fuska, idonsa wuri ɗaya yake.

Wannan karon ban riƙe bakina ba. Na ce, "Ke yake kallo, Inna. Duk hotunan ke yake kallo."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ta miƙo hannu na mayar mata da fuskar. Hawaye ya fito daga idon hagun, wanda ya riga ya mutu, ya gangaro ta gefen hanci, ba ta share ba.

Muna haka hasken wayar ya ɗauke, kamar yadda yake yi in an jima ba a taɓa ba. Inna ta zabura, ta damƙi hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Auta! Shi ke nan? Idon ne ya tafi?"

"A'a, Inna, wayar ce. Ga shi nan." Na taɓa, fuskar ta dawo.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "To kada ki bar ta ta ƙara."

Na gyara zama na jingina da kafaɗarta, yatsana a gefen gilashin. Duk sanda hasken ya fara dushewa sai in taɓa. Ruwa ya yi ƙarfi ya tsagaita, aka kaɗo shanu gida, hannuna ya yi tsami, ba ta ce ya isa ba, ni ma ban tambaya ba. Sai da cajin ya ƙare ƙaf ta miƙo min, ta ce in je in dubo ko an kwashe shanya.

Ba ta ƙara neman hoton ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban faɗa wa Yaya ba. Kafin a gama girbin dawa ɗan abin da ya rage a idon dama ya rufe. Mata suka yi ta zuwa jaje, ɗaki ya cika. Zulaiha ta zauna a gabanta tana kuka wiwi, tana cewa ina ma Allah ya ƙara mata ko da shekara ɗaya ce da idonta.

Inna ta lalubo hannunta ta riƙe. Ta ce, "Bar kuka, Zulaiha. Abu ɗaya ne dama ya rage min ban gani ba, kuma na gan shi."